Kunun Iya Dije da Kujerar Sallar Goggo Mairo

Shekaranjiya ina tsakar gida ina zuzzuba dambu a kuloli, wata yarinya 'yar layinmu ta shigo aron rariya, ta tsaya a kaina tana kallo. Can ta ce, "Anti Zuwaira, wai wannan ma sana'a ce? Ai zogale ne da wake kawai, ko ni zan iya." Na yi dariya har sai da na ajiye ludayi. Ba ita ce ta farko ba. Ƙawayena da muka gama sakandare tare ma haka suke tsokanata, wai ina dafa abincin awaki ina sayar wa masu ƙiba. To ku matso ku ji, don ni in dai a kan aikin nan ne, bakina ba ya gajiya.

Akwai wani ɗan nama a gaban wuya, ƙasan maƙogwaro, likitoci na ce masa tayirod. Shi ne in ya kumbura muke cewa maƙoƙo. Amma ba kullum yake kumbura ba. Wani lokacin sanyi kawai yake yi, ya rage fitar da sinadarin da ke hura wa jiki wuta. Sai ka ga mutum yana ƙiba alhali ba wani cin kirki yake yi ba, yana jin sanyi ana tsakiyar zafi, barci ba dare ba rana, gashi na zuba, fata ta bushe, ciki ya ɗaure, fuska ta kumbura. Irin waɗannan mutanen nake dafa wa abinci a nan Kazaure.

A kan yayata Anti Binta na fara. Da ta soma ƙiba, mutane cewa suka yi ta samu wuri, miji na ji da ita. Da barcin ya yi yawa kuma aka koma cewa son jiki ne. Sai da aka ɗebi jininta a asibiti aka gano abin, aka ɗora ta a kan wata 'yar ƙwaya ƙarama kamar ƙwayar dawa, kullum guda, aka ce ta kula da abin da take ci. To me za ta ci? Nan ne aka bar mu. Na shiga waya ina kallon bidiyo, ina karanta Turanci a hankali, wanda ban gane ba in sake. Abincin da suke nunawa kuwa, wani kifi ne da ban taɓa gani ba, da 'ya'yan itacen da ko a Kano sai an sha yawo. Sai na ce to bari in duba me suke nema a cikin abincin, in nemo irinsa a kasuwarmu. Ashe duk muna da shi! Wake, ƙwai, busasshen kifi, zogale, rama, kuɓewa, kabewa, yakuwa. Ranar da na gane haka har tsalle na yi a ɗaki.

Duk ranar da Anti Binta za ta ga likita ni nake raka ta. Akwai wata dattijuwar ma'aikaciyar jinya a wurin, muna ce mata Sista, na addabe ta da tambaya har ta ce, "Ke 'yar nan, kin fi masu ciwon ciwo." Amma tana amsa min. Ita ta fara dasa min abin da har yau nake fara gaya wa duk wanda ya zo wurina: abinci ba ya warkar da wannan ciwon, ƙwayar likita ce ke mayar wa jiki abin da ya rasa, abinci taimako ne. Shi ya sa wanda bai je an auna jininsa ba, ba na ɗora masa tukunya. In ce masa ya je asibiti tukuna, ina nan ba inda za ni.

Kayan aikina ba su da yawa, amma kowanne da dalilinsa. Madambacin Ummanmu na gada, shi nake turara dambu da ganye. Cokalin shan shayi, da shi nake auna mai, don mu gidan Hausa ludayi muka saba tsomawa a man gyaɗa ba ma ko dubawa. Gishirin leda mai aidin, sinadarin da tayirod ke buƙata, a cikin kwalba mai murfi, shi ma daidai misali, ba wai a cika ba. Sai tef ɗin tela da nake auna ƙugun mata da shi. Na fi yarda da shi a kan sikeli, saboda masu wannan ciwon nauyinsu a hankali yake sauka, in mace ta hau sikeli ta ga bai motsa ba sai ta karaya, amma tef yakan nuna ɗan canji tun kafin nan. Faranti kuwa, rabinsa ganye ne, ragowar a raba biyu, gefe wake ko kifi ko ƙwai, gefe tuwo. Malmalar tuwon kamar dunƙulen hannun mai cin, ba na wanda ya tuƙa ba.

Kuma inda masu cewa sauƙi ne suke faɗuwa shi ne ɗanɗano. Ki ba mutum salam ɗin ganye, zai cinye don kunya, ya wanke hannu, sannan ya aika a siyo masa taliya da manja. Sai kin san yadda za ki kashe tsamin rama ba ki kashe ramar ba, ki wanke zogale har ya rabu da ƙasa, ki sa daddawa da citta da albasa su yi aikin da mai yake yi. Kwaɗona in na haɗa shi da ɗan ƙuli-ƙuli, har mazan gidan da ba su da ciwon komai sai sun sa hannu. Da haka aka fara sanina. Daga maƙwabta sai ma'aikatan sakatariya, sai wata malamar makaranta a Babura da nake aika wa busasshen ganye a motar kasuwa, ita kuma ta haɗa ni da ƙanwarta a Kanya Babba.

Aikin da ya fi koya min sana'ar nan shi ne na Goggo Mairo ta Roni. Ɗanta Malam Auwalu, ma'aikaci ne a nan Kazaure, shi ya yi sallama a ƙofar gidanmu wata la'asar, ya ce mahaifiyarsa na da irin ciwon yayata, tana shan ƙwayar, amma jiki sai ƙara nauyi yake yi. Ranar Asabar ya kai ni.

Na same ta a zaune a kan wata farar kujerar roba a ƙofar ɗaki, ta lulluɓe da bargo, ana rana. Na durƙusa na gaishe ta.

"Ke ce mai ganyen?"

"Ni ce, Goggo. Ya jiki?"

"Da sauƙi. Auwalu, wannan ai jikata ta girme ta. Ita ce za ta rage ni?" Ta ƙare min kallo, sannan ta sassauta murya. "Ji nan, 'yar nan. Ni ba gayu nake nema ba, wanda zan yi wa gayun ya daɗe a ƙasa. Kin ga kujerar nan? A kanta nake sallah, an doshi shekara uku. In na durƙusa ba na iya tashi, numfashi ya tsaya min a wuya. Malamai sun ce sallata ta yi, na kuma yarda. Amma ni goshina nake so ya taɓa ƙasa kafin a kai ni cikinta. Za ki iya?"

Na ce, "Da yardar Allah, Goggo, za mu gwada."

Muka fara. Kullum kularta na bin motar Roni da rana, na kuma nuna wa surukarta yadda za ta yi na dare. Sai dai shekarar ba ta zo mana da daɗi ba. Ita ce shekarar da man fetur ya tashi, komai ya bi shi. Ƙwai ya zama abin kallo, kifi sai dai a shinshina a wuce. Ana cikin haka sai ga wani shayin rage ƙiba ya cika wayoyin mata, ana nuna hoton mace kamar buhu, a gefe kuma ga ta kamar tsinke, wai cikin ɗan lokaci. Masu tallar har cewa suke a ajiye maganin asibiti. Kwastomomina suka dinga zamewa ɗaya bayan ɗaya. Wata ta sha ta wuni tana zarya a bayi, ta ga sikeli ya sauka ta yi ta murna, ba ta san ruwan jikinta ne ya tafi ba. Kuloli suka koma kan kanta suna tara ƙura.

Ita kuma Goggo, wata da watanni, tef ɗina ya ƙi motsi. Barcin na nan, kumburin fuskar na nan. Ran nan Malam Auwalu ya kira ni, ya ce, "Malama Zuwaira, ba raina ƙoƙarinki na yi ba. Amma maiɗakina ta ga wani shayi, ta ce mata suna yabawa. Ina ganin ko shi za mu gwada wa Goggo." Tsohuwa irin wannan a sa ta gudawa, a kuma raba ta da ƙwayarta? Na roƙe shi ya bari a sake auna jininta tukuna. Ya yarda.

Sakamako ya fito, likita ya ce jinin kamar na wadda ba ta shan maganin sosai. Goggo ta rantse ba ta taɓa tsallake rana ba, ga katin maganin ma duk ta ɓalle. Na je wurin Sista na zayyana mata komai. Ta ce, "Kin taɓa ganin lokacin da take sha da idonki?" Na ce a'a. Ta ce, "To je ki gani. Mu a nan bayani kawai muke yi, ba ma bin mutum gida."

Washegari ina idar da sallar asuba na hau mashin. Rana na ɓullowa ta bayan duwatsu ina shiga Roni. Na samu Goggo a kan kujerarta tana jan carbi. Ko gaisawa ba mu gama ba sai na ji murya daga bayan katanga.

"Mairo! Kin tashi lafiya? Miƙo hannu, da zafinsa!"

Katangar ƙasa ce tsakaninsu da maƙwabta, akwai wani wuri da ya ɗan rusa ya yi ƙasa, har ya yi sulɓi saboda yawan miƙe-miƙe. Ta nan wani siririn hannu ya ɓullo da babban kwanon sha. Surukar ta karɓo. Kunun gyaɗa ne mai kauri, fari tas, ƙamshi ya cika gidan. Goggo ta kafa kai ta sha kusan rabi, ta yi hamdala, sannan ta kwance bakin zaninta ta ɗauko 'yar ƙwayar, ta haɗa da wata ja ta ƙarin jini, ta watsa a baki, ta kora da kunun.

Wallahi saura kaɗan in yi ihu! Wannan ƙwayar da cikin wofi ake shan ta, da ruwa zalla, a jira rabin awa zuwa awa kafin a sa komai a ciki. Madara, waken soya, kanwa, maganin ƙarin jini, waɗannan kuma sai an ba su tazarar awanni, don riƙe ta suke yi a hanji su hana ta shiga jini yadda ya kamata.

Na ce, "Goggo, likita bai ce da cikin wofi ba?"

"Ya faɗa mana. Yaro ne, bai san ciki ba. Wa kika taɓa gani ya sha maganin asibiti bai taɓa komai ba? So kike ya tsinka min hanji? Kuma ai ban ci abinci ba, kunu ne."

"Me da me ke cikin kunun?"

"Gyaɗa, da madarar gari, da sukari. Tun da na kwanta Dije ta ƙara da garin waken soya, ta ji a rediyo yana gina jiki. Wata rana kuma na kanwa take damawa. Jan maganin ma ita ta siyo min."

Iya Dije, mai miƙo kunun ta katanga, aminiyarta ce. Tun suna amare aka kawo su unguwar, suka ƙulla aminci, haihuwa da biki da mutuwa duk tare. Tun ranar da Goggo ta fara ciwo, Iya Dije ba ta taɓa fashin wannan kunun ba. Da na yi wa Goggo bayanin abin da kunun ke yi wa maganin, sai ta kama hannuna ta matse.

"Kar ki kuskura Dije ta ji. In mayar mata da kwanonta? Gara in ƙare a kan kujerar nan."

Na zauna ina tunani. In an ce a dinga karɓa ana ba yara a ɓoye, katanga ɗaya ce, rana ɗaya za ta leƙo ta gani, abin ya fi muni. Sai kawai na ɗauki mayafina na ce zan je in gaida Iya. Goggo na kirana, na yi kamar ban ji ba.

Iya Dije 'yar firit ce, ga ido kamar na shaho. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Iya, aiki na kawo miki, duk Roni ba mai iya shi sai ke." Na yi mata bayani a hankali, cewa maganin Goggo ba ya son abokin tafiya, shi kaɗai yake so ya shiga ciki da ruwa. Ina ta kewaye-kewaye, ta katse ni.

"Tsaya, 'yar Kazaure. Wato kununa ne yake danne ta a kujera?"

"A'a Iya, ba kunun ba ne, lokacin ne bai..."

"Ita ta sani?"

"Yanzu ta sani. Ta ce kar in faɗa miki."

Ta goge ido da gefen ɗankwali. Sai ta miƙe zumbur ta nufi katanga, ta ɗora haɓa a kan wurin nan mai sulɓi.

"Mairo! Ashe ke sakarya ce ban sani ba? Kunyata kike ji? Ni da na wanke ki a jegon Auwalu? Da sai ki zauna ina ɗura miki abin da ke hana ki tashi, kina ce min an gode?"

Daga can Goggo ta ce, "To uwar faɗa, ai sai ki bari in yi magana."

"Ba za ki yi ba! 'Yar nan, zo ki faɗa min yadda ake yi."

Tun daga ranar aiki ya koma hannun Iya Dije. Ana kiran asuba za ta miƙo kofin ruwa zalla ta kan katanga, ba za ta sauka ba sai ta ga Goggo ta haɗiye ƙwayar. Kunu ya koma sai hantsi ya ɗaga, a ƙaramin kofi, ba sukari, ba madara, ba waken soya. Jan maganin kuwa aka kai wa likita ya duba, ya mayar da shi dare. Kwana na farko Goggo ta zauna riƙe da ciki tana jiran hanji ya tsinke. Da ta ga shiru, ta ce wai ƙila nata hanjin mai ƙwari ne.

Saura tafiya. Na ce a dinga ɗan takawa kullum, Goggo ta ce, "Tsofai-tsofai da ni in fita ina zagaye gari ba dalili? Ai sai a ce na taɓu." Gaskiyarta, a garuruwanmu dattijuwa ba ta fita haka kawai, kowa ya gan ta sai ya ce lafiya, ina zuwa? Iya Dije ce ta warware. Ta ce ai dalili ba ya ƙarewa a gari. Duk inda aka haihu, duk inda ake jinya, duk inda aka yi rasuwa, sai su saka mayafi su tafi a ƙafa. Da farko gidan da ke ƙarshen layi, Goggo na dafa bango tana hutawa. Daga baya har tsallaken titi. In an kawo musu abinci a can, Iya Dije ta ce a juye a leda, na jikoki ne. Masu mashin suka gaji da tsayawa suna cewa, "Iya, ku hau mana," tana kora su. Malam Auwalu ya ce min har gidan da akuya ta haifi 'yan uku sun je barka.

Da aka koma awon jini, likita ya ce yanzu ne maganin ya fara aiki, ya ci gaba da bibiyarta. Bargo ya koma ɗaki. Fuskar ta saɓe har idanunta suka fito. Ranar da na zagaya tef a ƙugunta na ga ya wuce inda ya saba tsayawa, na daka tsalle ina tafi, Goggo ta ce, "Ke, gidan mutane ne fa." Maganar shayi kuwa ba wanda ya sake tayar da ita. Kar ku ɗauka ta zama tsinke irin na hoton waya. Har yau Goggo babbar mace ce, kuma abin ya ɗauki watanni. Amma numfashi ya dawo, gwiwa ta samu sauƙi. Ta fara gwada durƙuso tana dafa bakin gado, Iya Dije na riƙe da hammatarta tana cewa, "In kika faɗo kaina, ni ce gawar."

Wata Juma'a na kai kular da kaina. La'asar ta same ni a can, muka yi alwala, surukar ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Iya Dije ta zagayo. Na ga Goggo ta tsaya a kan tabarmar, ta ta da sallah. Ni na kasa tayar da tawa, na tsaya a baya ina kallo. Ta yi ruku'u, ta ɗago. Sai ta fara sauka a hankali, gwiwa ɗaya, sannan ɗayar, ta dafa hannuwa. Tabarmar ta ɗan gaza mata, goshinta ya sauka a kan rairayin tsakar gidan.

Ta daɗe a wurin. Ta daɗe har na fara matsawa kusa. Sannan ta ɗago, ta koma, ta kuma miƙe da kanta. Haka ta yi har ta sallame.

Iya Dije ta ce, "Ke Mairo, wannan sujada haka? Na zaci tafiya kika yi."

Goggo ta ce, "Maganganu ne suka taru."

Rairayi ya manne mata a goshi. Iya Dije ta kamo gefen mayafinta za ta share mata, Goggo ta buge hannun.

"Bar min abina."